Matatar da Mutuwarta Ta Fi Rayuwarta Tsada

A cikin watan Maris na shekarar 2024, wani kamfanin Ingila mai suna Diageo ya fito da waɗansu kwalabe na barasar nan da ake kira wiski, biyu-biyu a cikin akwati, ya sa wa kowane akwati kuɗi fam 45,000. Akwati 274 kaɗai aka yi. Abin da ke cikin kwalaben an ɗura shi a ganga tun 1978, a wata matata mai suna Port Ellen da ke tsibirin Islay, yamma da ƙasar Sikotlan. Shekara biyar bayan an ɗura shi, kamfanin da ke riƙe da matatar a wancan zamani ya duba littattafansa, ya ga cewa ba shi da bukatarta, ya kashe wutarta, ya sallami mutanen da suka dafa wannan abin da ake rububinsa yau.

Mun sani sarai wani ɗan'uwa zai buɗe wannan shafi ya ce, ina ruwan mujallar ɗalibai da kwalbar barasa, abin da addinin mafi yawanmu ya haramta, wanda kuma ko da bai haramta ba, albashin ƙaramin ma'aikaci na shekaru ba zai saye shi ba? Gaskiyarsa. Ba tallar giya muka zo ba, ba mu kuwa roƙi kowa ya ɗanɗana ba. Amma likita ba ya ƙin duban miki don yana wari. A cikin wannan kwalba akwai tambayar nan da ake ta kewaye-kewaye a kanta a ajin ilmin tattalin arziki, watau wa ya sha wahalar yin abu, wa kuma ya kwashi kuɗinsa. Mu dai ba mu taɓa ganin inda tambayar ta fito fili kamar a nan ba.

Islay, wanda mutanen can ke faɗi kamar "Aila", tsibiri ne na iska da ruwan sama, tafiyar kamar awa biyu a jirgin fito daga gaɓar Sikotlan. Ƙidayar 2011 ta sami mutum 3,200 da 'yan kai a cikinsa. Itatuwa ba su da yawa, gawayin kwal kuwa sai an yi dakonsa daga nesa, saboda haka tun kaka da kakanni abin da talakan tsibirin ke hura wuta da shi wata baƙar laka ce ta fadama, wadda Turawa ke kira fit. Ciyayi ne da gansakuka da suka mutu a cikin ruwa, ba su ruɓe duka ba, suka yi ta danne juna har suka daskare. A yanka ta kamar tubali, a shanya, in ta bushe a ƙona. Taruwarta na da nawa ƙwarai, wajen milimita ɗaya a shekara, watau ramin da ya kai zurfin mita guda aikin shekara dubu ne. Makamashin matalauta ce, kamar yadda kara da kashin shanu suke a ƙauyukan da itace ya yi wuya.

Yadda ta shiga sana'ar wiski ba wani abin al'ajabi ba ne. Ana jiƙa sha'ir har ya fara tsiro, sa'an nan a busar da shi a kan wuta don tsiron ya tsaya. Wanda wutarsa ta fit ce, dole hayaƙin ya kama hatsin, ƙaurin kuwa ba ya fita, ko an niƙa, an jiƙa, an sa yisti ya tashi, an tace shi sau biyu a manyan tukwanen jan ƙarfe, an kuma ajiye shi shekaru a gangar katako. Ƙaurin nan da rashin itace ya jawo, shi ne yau attajiran Landan da Hong Kong ke shinshina suna lumshe ido. Wiskin da aka yi da tsiron sha'ir zalla, a matata ɗaya, ba a gauraya shi da na wata ba, shi ne mai tsada a wurin masu tara kwalabe. A da kuwa ba haka abin yake ba, kuma wannan shi ne mabuɗin labarin duka.

An kafa matatar Port Ellen a wajen 1825, ba da daɗewa ba bayan mai ƙasar tsibirin, Walter Frederick Campbell, ya kafa garin a 1821 ya sa masa sunan matarsa. Wanda ya ɗaukaka ta shi ne John Ramsay, wanda ya karɓe ta yana saurayi a cikin shekarun 1830, ya shiga aika wiski Amurka, ya yi arziki, ya sayi filaye, har ya zama ɗan majalisar dokoki a Landan. Littattafan talla suna son ambaton hikimarsa. Abin da ba su cika ambata ba shi ne, a farkon shekarun 1860 ɗaruruwan manoma masu haya a yankin Oa, wanda ke hannunsa, sun bar gonakinsu suka ƙaura Kanada, shi ne kuwa ya taimaka da kuɗin jirgi. Masu kare shi sun ce talauci ya ceto su daga gare shi, har ya bi su Kanada a 1870 don ya ga yadda suke. To, ko ma yaya aka fassara, tsibirin da ke da mutum kusan 15,000 a wajen 1830 yau bai kai rubu'in haka ba, harshensu na Gelik kuma ya zama na 'yan tsiraru a gidansa. Kangayen Oa suna nan, ana hango su daga hanya.

Matatar ta faɗa hannun babban kamfanin nan Distillers Company a cikin shekarun 1920, aka rufe ta wajen 1930, ta yi shiru har 1967 da aka sake gina ta da tukwane huɗu. A 1973 aka gina mata katafaren gidan tsirar da sha'ir a gefe, a 1980 Sarauniya Elizabeth ta ziyarci wurin. Kowa ya ɗauka arziki ya zauna. Ashe kamfanonin wiski duk sun yi lissafin dokin rano. Sun ɗauka kasuwa za ta yi ta hauhawa kamar yadda ta saba, suka cika rumbuna da ganguna, sai ga tattalin arzikin duniya ya karye, Amurkawa kuma suka rage shan irin wannan barasa. Kaya ya yi kwantai har 'yan jarida suka riƙa kiran rarar da tafkin wiski. Iyayenmu sun san waɗannan shekaru ta wata fuska, don guguwar da ta karya farashin man fetur ta jawo mana dokar tsuke bakin aljihu a 1982, ita ce ta bi ta kan Islay.

Kamfanin yana da matata uku a tsibirin: Lagavulin, Caol Ila da Port Ellen. A wancan lokaci kusan duk abin da Port Ellen ke dafawa zuba shi ake yi cikin gauraye, a haɗa da na matatu da dama a sayar da sunan wani tambari. Ba wanda ke shiga kanti ya ce a ba shi Port Ellen. Masu gauraya suna bukatar ɗan ƙauri kaɗan, Caol Ila kuwa, wadda aka sabunta a 1974, ta ishe su. Saboda haka a watan Mayu na 1983 aka rufe Port Ellen, tare da waɗansu matatu da dama na kamfanin, har da Brora a arewacin Sikotlan. Ba a tsaya nan ba, daga baya aka ciccire tukwanen, aka rushe wani sashe na ginin. A ƙaramin gari irin wannan, inda kowa ya san kowa, rufe ma'aikata guda ba lissafi ba ne a takarda, gidaje ne da aka san sunayen masu su.

Abin da ya rage shi ne gangunan da ke kwance a rumbu, ba mai nema. Wiski a ganga yana raguwa da kansa, wajen kashi biyu cikin ɗari kowace shekara yana bin iska ta jikin katako, har a shekara 40 fiye da rabi ya tafi. Ana nan, sai ɗanɗanon masu kuɗi ya juya. Aka fara neman wiskin matata ɗaya, aka fara neman mai ƙauri, aka kuma gane cewa ga wani wanda ba za a sake yin irinsa ba. A 2001 Diageo, wanda ya gaji kayan tsohon kamfanin, ya fara fitar da Port Ellen kaɗan-kaɗan kowace shekara. Fitowar farko kwalba 6,000 ce, 'yar shekara 22, a kan fam 110. Fitowa ta 17, a 2017, an sa mata fam 2,625. A 2022 an yi gwanjon ganga guda ta 1979 a gidan Sotheby's a kan fam 875,000.

To, a nan ne muke roƙon mai karatu ya tsaya ya yi tunani tare da mu. Me ya ƙaru a cikin kwalbar tsakanin fam 110 da fam 2,625? Shekaru sun ƙaru, gaskiya ne, amma shekara 15 a rumbu ba ta ninka kuɗin abu sau ashirin da ɗoriya. Hannun ma'aikaci bai sake taɓa ruwan ba sai na mai gadin rumbu da mai ɗurawa. Abin da ya ƙaru shi ne tabbacin cewa kayan na ƙarewa, kuma babu tukunyar da za ta sake yin wani. Watau rufewar ita ce hajar. Da an bar Port Ellen tana aiki, da kwalbarta tana nan a kanti kusa da ta maƙwabtanta a kan kuɗin da mai matsakaicin albashi a can zai iya biya. Mutumin da aka sallama a 1983 ya ba da gudummawa sau biyu: ya dafa wiskin da hannunsa, sa'an nan korarsa ta sa masa tsada. Na farkon an biya shi lada na mako. Na biyun bai ga ko kwabo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce mana, ai kamfanin ya yi haƙuri, ya biya kuɗin rumbu shekara da shekaru, ya ɗauki kasadar asara, don haka riba halalinsa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba za mu ƙi ba. Ajiya tana cin kuɗi, kuma masana ɗanɗano da yawa sun yarda cewa tsohon Port Ellen abu ne mai kyau a irinsa. Amma kada a mai da sa'a ta zama hangen nesa. Mai hangen nesa ba ya cire tukwanen matatar da ya san za ta zama zinariya. An bar gangunan ne don ba a sami inda za a zuba su ba. Kuskuren lissafi ne ya haifi rarar, wani kuskuren ya rufe matatar, kuma duka biyun an yi su ne a ofisoshin da ke nesa da Islay. Waɗanda suka yi kuskuren, ko magadansu, su ne suka ci ribarsa. Waɗanda ba su yi kuskuren komai ba su ne suka biya. In wannan shi ne abin da ake kira ladan kasada, to, muna so a gaya mana wanda ya ɗauki kasadar.

Ba a Port Ellen kaɗai abin ya tsaya ba. 'Yan mil kaɗan gabas da ita, a kan hanyar da ta bi ta Laphroaig da Lagavulin, akwai matatar Ardbeg, wadda ita ma ta yi shiru daga 1981 zuwa 1989. A 1997 kamfanin Glenmorangie ya saye ta ɗungurungum, gini da suna da kaya, a kan wajen fam miliyan 7. A 2022 aka sayar da gangarta guda ɗaya tak, ta 1975, ga wata mai tara kaya daga Asiya, a kan fam miliyan 16. Ganga ɗaya ta ninka kuɗin matatar duka har da ragi. Kamfanin ya yi alkawarin ba da fam miliyan 1 ga ayyukan jama'ar tsibirin, kuma mun yaba, don da babu gara ba daɗi. Sai dai kyauta ce ta ganin dama, kashi ɗaya cikin 16, kuma mai kyauta yana iya fasawa gobe.

Mafi yawan irin waɗannan kwalabe ba za a taɓa buɗe su ba. Daga gidan gwanjo sai ɗakin ajiya, daga ɗakin ajiya sai wani gwanjon. Sun daina zama abin sha, sun koma takardar hannun jari mai siffar kwalba. Inda kuwa aka ce ba a buɗe kaya, ɓarawo ya sami gona. A 2018 wani kamfanin dillancin tsohon wiski ya kai kwalabe 55 wani ɗakin bincike na jami'o'in Sikotlan aka auna shekarunsu ta hanyar sinadarin kabon, 21 daga ciki suka fito jabu. Mun ce wannan ya isa shaida cewa ba abin da ke ciki ake saye ba. Mutum ya ajiye ruwan banza shekara goma yana alfahari da shi, kuma alfaharin nasa bai ragu da komai ba sai ranar da aka gaya masa.

Kada kuma mu yi wa mutanen Islay ƙarya, mu mai da su abin tausayi da ke jiran mai ceto. Sun san inda tuwonsu yake. A 1985, shekara biyu bayan rufe matatar, rigima ta tashi a kan wata fadama mai suna Duich Moss, inda kamfanin ke son haƙar fit don gidan tsirar da sha'ir, wanda shi ba a rufe shi ba. Fadamar kuwa masaukin wasu dinyoyi ne da ke zuwa daga Girinlan su yi hunturu. Masu kare muhalli, cikinsu har da sanannen masanin tsirrai David Bellamy, suka zo tsibirin don su hana. Jama'a suka cika ɗakin taro a garin Bowmore suka yi musu ihu har suka rasa bakin magana. Masu kare muhallin ba su yi ƙarya ba. Yau an tabbatar cewa irin waɗannan fadamu, ko da yake kashi uku cikin ɗari ne kawai na doron ƙasa, sun fi dukan dazuzzukan duniya riƙe kabon, kuma daga ƙarshe haƙar ta koma wani wuri mai suna Castlehill. Amma wanda ya ga an rufe ƙofar maƙwabcinsa jiya, ba za ka zo daga birni ka yi masa wa'azin tsuntsu yau ya saurare ka ba. Abin takaicin shi ne an bar talaka da mai kare muhalli suna cacar baki, wanda ya rufe matatar yana gefe.

Akwai abu ɗaya da Sikotlan ta yi daidai, kuma adalci ne mu faɗe shi. Doka ta ɗaure sunan da ƙasar. Ba a kiran barasa wiskin Sikotlan sai an dafa ta a can, ta kuma kwana a gangar katako a can shekara uku ko fiye, kuma dokar 2009 ta kare har sunan Islay kansa. Saboda haka komai ƙarfin kamfani, ba shi da ikon ɗauke matatar ya kai inda lada ya fi araha ya ci gaba da amfani da sunan. Da Diageo ya so sabon Port Ellen, dole ya koma garin Port Ellen. Mu da fatar jar akuyar Sakkwato ta yi ƙarnuka tana shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko, mun san abin da ake rasawa in suna ya kuɓuce. Amma dokar ta tsare wurin aiki ne kawai, ba ta ce komai ba a kan rabon riba. Harajin barasa baitulmalin Landan yake tafiya, ribar kuma ta masu hannun jari ce, alhali mutanen tsibirin sun daɗe suna kukan ƙarancin gidajen zama da tsofaffin jiragen fito masu yawan lalacewa.

Kamfanin nan ba baƙo ba ne gare mu. Guinness, wanda ya haɗiye Distillers Company a 1986 ta hanyar cinikin da ya kai shugabansa Ernest Saunders kurkuku, shi ne ya gina masana'anta a Ikeja a 1962. Shi ne ya haɗu da Grand Metropolitan a 1997 suka zama Diageo, wanda a 2024 ya sayar wa kamfanin Tolaram kasonsa na kashi 58 cikin ɗari na Guinness ta Nijeriya. Ba mu kawo wannan don zargi ba, ciniki ne na halal a dokar kasuwa. Mun kawo shi ne don a ga cewa teburin da ake yanke hukuncin Islay a kansa, a kansa ake yanke na Ikko, kuma ma'aunin ɗaya ne. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla gobe su ne za su zauna a ma'aikatun ciniki da na masana'antu, a kawo musu fayil a ce ga wata ma'aikata ba ta kawo riba, a rufe ko a sayar. Ra'ayinmu shi ne, duk yarjejeniyar rufewa da ba ta faɗi abin da zai faru da kayan da aka bari, da sunan, da filin, da kuma rabon waɗanda aka sallama in darajar waɗannan ta tashi daga baya ba, yarjejeniya ce da aka rubuta da hannu ɗaya. A 1983 ba wanda ya yi wannan tambaya a madadin mutanen Port Ellen, don kowa ya yarda da akawun da ya ce kayan kwantai ne.

A watan Oktoba na 2017 Diageo ya ba da sanarwar zai kashe fam miliyan 35 ya ta da Port Ellen da Brora. Brora ta koma aiki a 2021, Port Ellen a Maris na 2024, bayan shiru na shekara 40 da ɗoriya. An ƙera sababbin tukwane biyu daidai da siffar waɗanda aka cire, ta bin tsofaffin zane-zanen da aka tarar a ma'ajiyar takardu, aka ƙara waɗansu biyu ƙanana na gwaji. An ɗauki ma'aikata, hayaƙi ya sake tashi, kuma ba mu da dalilin ƙin taya garin murna. Sai dai matatun tsibirin sun kai goma da wannan buɗewa, ana kuma gina waɗansu, a daidai lokacin da farashin tsohon wiski a gidajen gwanjo ya fara sauka tun 2023, kuɗin da Sikotlan ke samu daga fitar da wiski kuma ya sauko daga fam biliyan 6.2 a 2022 zuwa biliyan 5.4 a 2024. Rumbuna sun sake cika. Ruwan farko da ya fito daga sababbin tukwanen Port Ellen, bisa doka, ba zai amsa sunan wiski ba sai 2027.